Shin daga Aborijin aka samo ƙwallon ƙafar Ostireliya?

Tambaya: Malam, na kalli wasan ƙwallon Ostireliya, wanda ake bugawa da ƙafa a cafe da hannu, sai na ji ana cewa asalinsa wasan 'yan asalin ƙasar ne, wato Aborijin. Gaskiya ne?

Amsa: Wasan da ake nufi shi ne Marn Grook, kuma babu tantama an yi shi. Wani jami'in mulkin mallaka, William Thomas, ya ce ya gani da idonsa a 1841 a yankin Biktoriya. Da fatar wata ƙaramar dabba, fosum, ake ɗinka ƙwallon, a ɗaure da jijiyar kangaru. Mutum ya sake ta daga hannu, ya ɗaga ta sama da ƙafa, sauran su yi tsalle suna rige-rigen cafewa. Wanda ya kalli wasan na yau, dole gabansa ya faɗi don kamannin.

Gardamar tana kan mutum ɗaya, Tom Wills, wanda wasu ke cewa shi ya ɗauko wasan daga wajen Aborijin. An haife shi a 1835, ya tashi a gonar mahaifinsa kusa da Moyston, cikin al'ummar Aborijin ta Djab Wurrung, har yana jin harshensu. Yana ɗan shekara 14 aka tura shi makarantar Rugby a Ingila. Bayan ya dawo, a Yulin 1858 ya rubuta wa jarida wasiƙa yana kira a kafa ƙungiyar ƙwallo, don kada jikin 'yan kurket ya mutu lokacin sanyi. A Mayun 1859 shi da wasu mutum uku suka zauna a Melbourne suka rubuta dokokin farko.

To, a nan gizo ke saƙar. Wills bai bar rubutun da ya ambaci Marn Grook ba, dokokin kuma sun ɗebi abubuwa daga wasannin makarantun Ingila. Tsallen nan na cafe ƙwallo a sama, wanda aka fi kafa hujja da shi, sai daga baya ya yi ƙarfi a wasan. Shi ya sa masaniyar tarihi Gillian Hibbins ta yi watsi da maganar a 2008.

Ni dai ban yarda rashin takarda ya kashe magana ba. Wane Bature ne a wancan zamani zai fito ya ce ya koyi abu wajen mutanen da ake ƙwace wa ƙasa ana kashewa? Yaron da ya yi wasan ƙasa da 'ya'yansu, da wuya ƙafarsa ta manta. Amma wannan zato ne mai ƙarfi, bai kai hujja ba, don haka kada ka ce an tabbatar. A 2019 hukumar wasan, AFL, ta amince a fili cewa wasannin Aborijin sun yi tasiri a kansa, kuma a 2002 ƙungiyoyin Sydney da Essendon suka fara karawa kan kofin Marn Grook.