Hukuncin Binciken Mai Sayar da Kayan Aiki a Intanet Kafin a Tura Masa Kuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai walda ne a Kano. Ɗan yayata ya gama koyon aiki a wurina, sai mahaifiyarsa ta kwashi adashi ta ba ni kuɗin in saya masa injin walda. Na ga wani a Facebook yana tallar irin injin, ya ce shagonsa a Legas yake, kuma kuɗinsa bai kai na kasuwar Sabon Gari ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya ce in tura kuɗin duka ya sa a mota, kwana biyu ya iso, kuma in hanzarta don saura biyu. Asusun da ya turo ba sunansa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Da na fara tambaya a kansa, sai wani abokina mai karatu ya ce wannan mugun zato ne da bin diddigi, tunda mutumin musulmi ne, kuma asalin musulmi adali ne. Shin cinikin ya halatta? Kuma ina da zunubi in na bincike shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri kan riƙon yaron nan har ya iya sana'a.

Cikin maganarka akwai wurin da ka faɗa ka wuce, alhali a nan hukuncin ya rataya: kuɗin ba naka ba ne. Da naka ne, da na ce bincike abin so ne, in ka ƙi ka yi sakaci da dukiyarka. Amma kai wakili ne, hannunka hannun amana. Wakili ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya wuce iyaka ko ya yi sakaci, kuma tura adashin yayarka ga wanda ba ka taɓa gani ba, ta asusun wani na uku, bayan zuciyarka ta riga ta ɗarsa, sakaci ne a idon kowane ɗan kasuwa. In kuɗin suka tafi haka, bashi ne a wuyanka. Saboda haka bincike a kanka wajibi ne.

Ƙulla ciniki ta waya ko intanet halas ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta zartar da halaccin ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa na zamani a zamanta na Jidda a 1990. Sayen abin da ba ya gabanka bisa siffa ma halas ne a mazhabar Malik. Inda aka tsananta shi ne sharaɗin biya kafin a gani. Mai Risala ya ce ba a sharɗanta biyan kuɗi a irin wannan ciniki sai in wurin kayan yana kusa, ko kayan irin wanda ba ya sauyawa ne kamar gida da fili. Kusan da ake nufi tafiyar kwana biyu ce ko ƙasa da haka, kuma a yau mota kan kawo kaya daga Legas cikin wannan lokaci, don haka ba zan tsaya a nan ba. Sai dai masu sharhin Mukhtasar, littafin Shehu Halilu na fiƙihun Malikiyya, sun ƙara da cewa a samu ko dai mai saye ya taɓa ganin kayan, ko kuma wani ne ya siffanta su, ba mai kayan ba. Hoton da ya saka da bayanin da ya rubuta duk siffantawar mai kaya ce. Ka ga ke nan tun kafin a san waya malamanmu sun hana cinikin biri a sama, sun ce a nemo idon wani.

Sai maganar abokinka. Ina kyautata masa zato cewa tsoron zunubi yake yi maka, amma ya ɗauko hukunci daga wani babi ya ajiye a wani. Ayar Suratul Hujurat cewa ta yi sashen zato zunubi ne, ba ta ce dukkansa ba. Zaton da aka hana shi ne ka ƙudurce a ranka cewa wane mugu ne ba tare da wata alama ba, ko ka yaɗa hakan. Kai ba ka ce ɓarawo ba ne, cewa ka yi ba ka san shi ba, kuma gaskiya ka faɗa. Bin diddigin da aka hana shi ne tono abin da mutum ya suturta na gidansa da sirrinsa. Wanda ya fito ya yi talla ya nemi kuɗin jama'a, shagonsa da sunansa da yadda ya yi da waɗanda suka saya a baya ba sirri ba ne, shi ya baje su.

Batun cewa asalin musulmi adali ne, ra'ayi ne da aka sani daga Imam Abu Hanifa a babin shaida: alƙali ya wadatu da zahirin musuluncin mai shaida matuƙar abokin shari'a bai soke shi ba, ban da haddi da ƙisasi. Almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa, suka ce a bincika a kowane haƙƙi. Malik da Shafi'i ma ba su karɓar shaidar wanda ba a san halinsa ba sai an tsarkake shi. Kuma ko a bisa ra'ayin Abu Hanifa, ana maganar mutumin da ke tsaye gaban alƙali, ana ganin fuskarsa, an san unguwarsa. Kai kuwa suna ka gani da hoto, da "insha Allahu" a rubuce, abin da kowa zai iya bugawa da yatsa ɗaya. An ruwaito cewa wani ya zo ba da shaida gaban Sayyidina Umar, Umar ya ce masa ban san ka ba, kawo wanda ya san ka. Wani ya miƙe ya ce ya san shi da adalci. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa hulɗar dinari da dirhami, ko sun yi tafiya tare. Duk ya ce a'a. Umar ya ce to ba ka san shi ba. Wannan a zamanin sahabbai ke nan. Ka tambayi abokinka cikin ladabi, wanne daga cikin ukun nan ya yi da mai injin?

Addinin mai kaya ma ba shi ne ma'auni a nan ba. Ali Imrana ta faɗa mana cewa cikin Ma'abota Littafi akwai wanda za ka ba amanar dukiya mai yawa ya mayar maka, akwai wanda dinari ɗaya ba zai mayar ba sai ka tsaya a kansa. Kada ka sake jiki don sunan musulmi, kada kuma ka ƙi mai gaskiya don ba musulmi ba ne. Wanda ka tambaya kuwa, in ya san aibi ya faɗa, nasiha ce ba giba ba, malamai ba su yi saɓani a kai ba.

Yanzu ga abin da za ka yi. Ka nemi cikakken adireshin shagon, ka sa wani naka da ke Legas, ko daga cikin 'yan kasuwarmu na Agege ko Mile 12, ya taka ya gani da idonsa. Wannan shi ne mafi ƙarfi, kuma da shi ne sharaɗin malaman nan zai cika. In ya ce kamfani gare shi, ka karɓi lambar rajista ka duba a shafin hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, sannan sunan asusu ya dace da sunan rajista. Rajista kaɗai ba shaidar amana ba ce, amma asusun "ƙani" ka ƙi shi kai tsaye, domin in rigima ta tashi wa za ka kama? Shafinsa na Facebook ma yana nuna ranar da aka buɗe shi da ko an taɓa sauya masa suna. Yabon da ka gani a ƙarƙashin tallarsa kada ya ruɗe ka, ana sayen irinsa, kuma ɗan'uwan najashi ne da aka hana, wato wanda ba saye zai yi ba ya ƙara wa kaya kuɗi don ya ruɗi mai saye, mai rubutawa da mai biya duk suna da laifi. Ka kira shi ta bidiyo ba tare da sanarwa ba, ya kunna injin, ya nuna maka farantin da ke ɗauke da lambarsa.

Kai ka fi ni sanin siffar da ke sauya farashi: sabo ne ko tokumbo, ƙarfinsa nawa ne a aiki ba a kwali ba, in mai naɗin waya ne, tagulla ce ko alminiyon da aka shafa wa launi. Duk ku rubuta su a saƙo, domin in ya iso saɓanin haka kana da damar mayarwa.

Arahar nan ita ta fi damuna. Wanda ya sayo kaya ya biya haya ya biya dako ba ya zubar da kashi ɗaya cikin uku haka kawai. Ko injin babu shi, ko jabu ne, ko na sata. In zatonka ya rinjaya cewa na sata ne, saye haramun ne ko da an kawo maka har ƙofar shago, kuma ranar da mai shi ya bayyana zai karɓi abinsa. "Saura biyu" kuwa tsohuwar dabara ce ta hana mutum shawara.

In an tabbatar da shagon, ya fi kyau ka biya bayan kaya sun iso, ko ku ajiye kuɗin hannun amintaccen da kuka yarda da shi ku biyu. Ku kuma fayyace direban motar wakilin wane ne. A mazhabarmu irin wannan kaya suna wuyan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, amma in kai ka zaɓi direba ka ce a ba shi, karɓarsa karɓarka ce, abin da ya faru a hanya ya fita daga wuyan mai kaya. Kada ka ba kowa lambar sirrin da banki ke turowa a waya da sunan tabbatar da oda.

Na san abin da ya ja ka, kana so ka rage wa yayarka wani abu ta sayi wayar walda da gilashin ido. Niyya ce mai kyau. Ka gaya mata halin da ake ciki duka. In ta ji ta ce ka tura, biyan kuɗin in sun salwanta ya sauka daga kanka, sai dai ban so ka jingina mata shawarar da kai ne masaninta don kawai ka kuɓuta. Ni da za ka bi tawa, in mutumin ya ƙi a je shagonsa ko ya dage kan asusun ƙaninsa, ka bar shi ba tare da zagi ko yaɗa sunansa ba, tunda ba ka da hujjar ya cuci kowa. Ka ɗauki yaron ku je Sabon Gari, a kunna injin a gabansa, ku karɓi rasit.

Allah ne mafi sani.