Tambaya da Amsa: Ɗigon shan inna ba zai yi wa yarona yawa ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina da tambaya. Yarona shekararsa biyu, tun ranar da aka haife shi aka ɗiga masa maganin shan inna, na kai shi asibiti aka kammala duka har da allurar cinya, amma duk sanda masu rigakafi suka fito sai sun sake ɗiga masa, ni dai abin ya fara damuna wallahi kar ya yi masa yawa. Kuma satin nan yana ɗan gudawa, in bari a ba shi ko in hana? Daga Maman Sadiq.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Sadiq, Allah ya raya mana Sadiq. Ki kwantar da hankalinki, ba ya yin yawa, ki bari a ba shi.

Kin ga ɗigon nan biyu da ake sa wa a baki, ƙwayar cutar ce aka raunana ta, aikinta ta sauka hanji ta koya wa jiki yadda zai yaƙi ta gaskiyar in ta zo, don ita ma shan inna ta baki take shiga, ta ruwa ko abincin da kashi ya gurɓata. To matsalar ita ce ba kullum ɗigon ke kamawa ba, musamman yaron da ke yawan gudawa, maganin kan wuce bai zauna ba, shi ya sa ake maimaitawa, wanda bai kama a karo na biyu ba sai ya kama a na huɗu ko na biyar, wanda kuma ya riga ya kama ƙari ne kawai ya samu. Gudawar da kika ce ma ai dalili ce ta kar ki bari na gaba ya wuce shi. Mura ko ɗan zazzaɓi ba sa hanawa, in ya tofar a sake ɗiga masa, nono kuma ki ba shi abinki.

Allurar cinyar daban ce, ƙwayar cikinta matacciya ce, ita ce irin wadda wani likita ɗan Amurka, Jonas Salk, ya fitar a 1955, tana tsare yaro daga shanyewa. Abin da takan jawo ɗan ja ko ciwo a wurin, wani lokaci jiki ya yi ɗumi, kwana ɗaya biyu ya wuce.

Ba zan ɓoye miki ba, ɗigon kan jawo shanyewa amma da wuya ƙwarai, kamar yaro ɗaya ne cikin miliyoyi. Sannan a inda yara da yawa ba su yi rigakafi ba, ƙwayar da aka raunana kan yi ta yawo tsakaninsu har ta farfaɗo, shi ya sa har yanzu ake bi gida gida duk da an tabbatar da Afirka ta rabu da asalin cutar tun Agustan 2020, sai Pakistan da Afganistan suka rage. Ita ko cutar, cikin mutum 200 da suka kamu ɗaya kan shanye har abada, kuma ba ta da magani.

Yaron da garkuwar jikinsa ke da rauni sosai, misali mai shan maganin ciwon daji (kansa), ba a ɗiga masa, allura ake yi masa, haka in akwai mai irin wannan lalurar a gidan ki faɗa wa ma'aikatan kafin su ba shi. In kuma gudawar ta yi tsanani, ya ƙi cin abinci ko idonsa ya faɗa, wannan kam asibiti za ki fara kai shi, ki tafi da katinsa a duba.