Giram 200 na gurzajjiyar kwakwa, gwangwani nawa ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. An ba ni aikin biskit ɗin kwakwa na bikin ranar Asabar, har na karɓi rabin kuɗi. Haɗin ya ce giram 200 na gurzajjiyar kwakwa, ni kuwa ba ni da sikeli. A wani zauren WhatsApp aka ce mana gwangwanin madara giram 170 ne, sai na zuba ɗaya da ɗan ƙari. Sau biyu ina gwadawa, ko ƙamshin kwakwa babu. Don Allah a taimaka kada in ji kunya. Daga Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. In ɗanyar kwakwa kika gurza, gwangwani huɗu za ki zuba, na ƙarshen ya ɗan gaza cika, kuma kada ki danna. In kina da kofin awo mai mililita 240, biyu da rabi ne, domin kowane kofi yana ɗaukar kusan giram 80. Cokalin awo babba kuwa giram 5.

Maganar giram 170 ɗin nan ta ishe ni. Kusan kowace ɗaliba ta zo wurina da ita take zuwa, kuma in ka bi diddigi daga bakin masu buɗe aji a waya ta fito, waɗanda suka karɓi kuɗin mutane alhali ba su taɓa ɗora komai a sikeli ba. Lambar da ke jikin gwangwani nauyin madarar da kamfani ya zuba ne, shi ma ya danganta da gwangwanin, wani 160 aka rubuta. Da an juye madarar, lambar ta gama aiki. Abin da ya rage mazubi ne mai cin kusan mililita 160. Cika shi da sukari, ki sami wajen giram 130. Da fulawa, 80 da 'yan kai. Da kwakwa, 50 zuwa 55, saboda fiye da rabinsa iska ce tsakanin gurzar. Kin ga ke nan kashi ɗaya cikin uku kika zuba, ina ƙamshi zai fito? Abin mamaki, macen da ta san tiyar gero da tiyar dusa ba nauyinsu ɗaya ba, ita ce za a ce mata gwangwani giram kaza ne ta yarda. Asarar bota da ƙwai a wannan tsadar, wa zai biya ta?

Ki kuma duba wace kwakwa mai haɗin yake nufi. Ɗanya kusan rabinta ruwa ne, busasshiya ta leda kuwa ruwanta bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Yawancin haɗin biskit busasshiya suke so. In haka ne, ki baza taki a faranti, ki busar da ita a ƙaramar wuta tana nan fara fat, kada ta yi ja irin na kwakumeti, sannan ki auna. Ɗanya a madadinta takan sa biskit ya yi laushi, ya kuma lalace da wuri.

Kafin Asabar ki ɗauki gwangwaninki da gurzarki ki je wurin mai sayar da kayan kek ya ɗora miki a sikelinsa sau ɗaya, ki rubuta lambar, tun da magurji mai manyan ƙofofi da mai ƙanana ba awo ɗaya suke bayarwa ba. Kwakwar kuma ki gurza ta ranar aiki. A zafin Gusau, in ta kwana a waje tsami take yi.