Zaman gida lokacin mahaukaciyar guguwa a Houston

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da zuwa. Kin ce wannan ce shekararku ta farko a Houston, ku biyar ne har da yara, ga shi ana sanar da cewa guguwa na tafe, kina tambaya ko za ku iya zama a gida da abin da za ku tanada.

Kafin a kai ga sayayya, ku duba lambar unguwarku a taswirar wuraren da ake kwashe mutane. In hukuma ta ce ku fita, ko gidan irin na tirela ne, to babu zancen zama. Jama'a iska suke tsoro, alhali ruwa ya fi kisa. Guguwar Harvey a 2017 tsayawa ta yi a kan Texas kwana da kwanaki tana zuba, wani wurin ruwan ya kai inci 60, wato mita ɗaya da rabi. Ki tambayi tsofaffin maƙwabta ko ruwa ya shiga gidajen layinku a lokacin. Amsarsu na da nauyi ƙwarai, musamman in a benen ƙasa kuke.

In zama ya tabbata, ruwan sha shi ne kan gaba: galan ɗaya ga kowane mutum a rana, kusan lita huɗu. Ana cewa na kwana uku, ni dai shawarata na bakwai, galan 35 ke nan gare ku. Ki cika bahon wanka don kora banɗaki da alwala, amma ki kulle ƙofar saboda ƙananan yara. Abinci kuwa wanda ba ya son wuta: garin kwaki, madarar gari, gyaɗa, dabino, kilishi, kifin gwangwani da abin buɗe shi na hannu. Ki daskarar da robobin ruwa tun yanzu ki cusa a firiza. In wuta ta ɗauke, firji na riƙe sanyi awa 4 in ba a buɗe ba, cikakkiyar firiza awa 48, mai rabi 24. Maigida ya cika tankin mota, ya ciro tsabar kuɗi, don kati ba ya aiki in babu wuta. Fasfo, katin zama da magunguna a leda mai zif, a ajiye sama.

Kada ki ɓata lokaci wajen liƙa salatif a gilashin taga, ba ya hana shi fashewa. Katako mai kauri ake bugawa daga waje. Kujeru, keke, tukwanen fure, duk abin da ke baranda a shigo da shi.

Idan guguwar ta sauka, ku tattaru a ɗakin tsakiya marar taga da tocila, rediyo mai batir da katifar da za ku rufa da ita, kowa da takalmi a ƙafa. Ban da kyandir. In iska ta tsaya cak nan take, kada kowa ya leƙa waje. Mai yiwuwa tsakiyar guguwar ce ke wucewa, bayan ɗan lokaci za ta dawo ta ɗaya gefen da ƙarfinta. In ruwa ya doso ƙofa, a kashe babban makunnin wuta tun ƙasa na bushe. In ya cika gida, kan rufi ake hawa a kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Kada ku shiga kogon da ke tsakanin silin da rufi, babu mafita.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan ta wuce. Guguwar Beryl a Yulin 2024 ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan biyu babu wuta cikin tsananin zafi, a irin wannan hali ne ake kunna janareto a gareji ko a hura gawayi a kicin. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, ciwon kai da jiri ne alamarta, tana kashe iyali cikin barci. Janareto a waje, ƙafa 20 daga taga da ƙofa, kuma ku sayi na'urar da ke ƙara in gubar ta taru. Ruwan kan titi ma kada a raina shi: mai gudu inci 6 na kayar da babba, inci 12 na ɗauke mota, ga wayoyin wuta da macizai a ciki. In kira ya ƙi shiga, ku tura wa 'yan gida rubutaccen saƙo, ya fi samun hanya.