Na biya da USDT, kaya bai zo ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani ya turo min adireshin shafin da ke sayar da kayan ado na wasan kwamfuta mai suna Counter-Strike 2 da araha. Na tura USDT (kuɗin kirifto mai bin darajar dala), kwana biyar shiru. Kuɗina zai dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin ya sosa min rai, amma ba zan ɓoye maka ba: kuɗin kirifto in ya tabbata a bulokcen (kundin intanet da ake rubuta cinikin kirifto a ciki), babu bankin da zai janyo shi. Duk wanda ya ce ka biya shi ya ƙwato maka, ɓarawo ne na biyu.

Yanzu asusunka na Steam, dandalin da ake buga wasan a kai, na fi jiye wa. In ka shigar da bayanan Steam a shafin, sauya kalmar sirri yau, ka kunna Steam Guard (ƙarin matakin tsaro na shiga asusu) a waya, ka soke duk wani mabuɗin API (lambar da ke ba wata manhaja damar leƙa asusunka) da ba kai ka ƙirƙira ba, don da shi ɓarayi suke karkatar da musayar kayan wasa.

Araha ba ta ado. Gaba, duba adireshin shafi harafi-harafi, ka gwada da ɗan kaɗan tukuna. Kalmomin sirri 12 ko 24 da ke buɗe walat ɗinka na kirifto kuwa, kada ka rubuta su a kowane shafi, ko wa ya nema.