Ku Tambaya Mu Amsa: Sim Marar Kati da Kamfanonin Layi Masu Rahusa

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan eSIM suke, wato sim ɗin da ake sauke wa waya ta intanet ba tare da an zura mata kati ba. Mun ware waɗanda suka shafi ƙananan kamfanonin layi masu araha, don a nan ne mutane suka fi cin karo da tangarɗa.

TAMBAYA: Wayata tana karɓar eSIM, kuma babban kamfanin da nake kai yana bayarwa. Ina so in koma wani ƙaramin kamfani mai rahusa wanda na san turakun wannan babban yake amfani da su, sai suka ce mini su kati kawai suke da shi. Tunda sabis ɗin ɗaya ne, me ya hana su? Daga wani magidanci.

AMSA: Malam, sabis ɗin ɗaya ne, amma hanyar da layi ke bi ya shiga waya daban take, kuma ita ce ke da tsada.

Cikin wayarka akwai wani ɗan ƙaramin guntu da aka like tun daga masana'anta. Shi ke yin aikin da katin sim ke yi, sai dai babu komai a cikinsa sai an sauke masa bayanan layi: lambar da turaku ke gane ka da ita, da makullan sirrin da ke tabbatar da cewa kai ne mai layin. Ƙungiyar GSMA, wadda ta haɗa kamfanonin sadarwa na duniya, ita ta fitar da ƙa'idar wannan saukewa don wayoyin jama'a a 2016. A ƙa'idar, bayanan layi suna ajiye ne a wata saba ta musamman, wato babbar kwamfuta a kan intanet, da ake kira SM-DP+, kuma ba kowa ake bari ya kafa ta ba, sai wanda ƙungiyar ta tantance tsaronsa. Ke nan duk kamfanin da ke son bayar da eSIM, ko dai ya mallaki irin wannan saba, ko ya biya mai ita, sannan ya haɗa ta da tsarinsa na rajista da na karɓar kuɗi, ya kuma horar da masu amsa kiran kwastomomi.

Su kuma kamfanoni masu rahusa ba su da turaku. Sari suke yi na mintuna da data daga babban kamfani su sayar da sunansu, kamar yadda giffgaff ke kan turakun O2 a Ingila, ko Mint Mobile a kan na T-Mobile a Amurka. Iri biyu ne. Akwai masu ƙarfi, waɗanda ke da nasu na'urorin rajistar layuka da nasu jerin lambobin sim. Waɗannan suna iya ƙulla yarjejeniya da mai saba kai tsaye, su fara bayar da eSIM duk ranar da suka shirya. Akwai kuma waɗanda suna da talla kawai suka mallaka, komai na fasaha yana hannun babban kamfani. Irin waɗannan 'yan haya ne, ba sa iya fasa ƙofa a katanga sai mai gida ya yarda. In babban bai buɗe musu tsarinsa na eSIM ba, ko ya sa masa farashin da zai cinye 'yar ribar da suke samu, dole su tsaya a kan kati. Ga dukkan alamu kamfanin da kake magana a kai yana cikin wannan rukuni.

Wani abin lura kuma, ko kamfani ya rubuta a shafinsa cewa yana bayar da eSIM, maganar ba ta ƙare ba. Wani sabon kwastoma kawai yake ba, tsohon kwastoma ba ya iya mayar da katinsa eSIM. Wani sai ta manhajarsa, wadda ƙila a kan iPhone kaɗai take aiki sosai. Wani yana da jerin wayoyin da ya amince da su, in taka ba ta ciki tsarinsa zai ƙi ta ko da tana da guntun. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka tambaye su abu huɗu a rubuce: shin samfurin wayarka yana jerinsu, shin za ka iya zuwa da tsohuwar lambarka kai tsaye a kan eSIM, ta yaya ake sake bayar da layi in waya ta ɓata ko ta lalace, kuma ana biyan kuɗi a kan sake bayarwar ko kyauta ne. A ganinmu tambaya ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ita ce mutane suka fi mantawa. In amsarta ba ta gamsar da kai ba, ka karɓi katin. Babu abin da layi a kan eSIM ke yi na kira ko data da kati ba ya yi.

TAMBAYA: A hannun wani na sayi wayata. Ta yaya zan tabbatar tana karɓar eSIM kafin in sayi layin? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yar uwa, ki danna *#06# kamar za ki yi kira. Za ki ga IMEI, wato lambar shaidar waya, mai lamba 15, wataƙila guda biyu. In kin ga wata doguwa mai lamba 32 da aka rubuta EID a gefenta, lambar shaidar guntun eSIM ce, ke nan wayarki tana da guntun. Wasu wayoyin Android ba sa nuna ta a nan, sai ki duba cikin saiti, sashen bayanin waya ko sashen sim, ki ga ko akwai wurin ƙara eSIM.

Kada ki dogara da sunan waya kaɗai. iPhone ta fara karɓar eSIM daga XS da XR na 2018, Samsung kuma ta sa shi a jerin Galaxy S daga S20 na 2020, amma samfuri ɗaya yakan bambanta gwargwadon ƙasar da aka yi shi dominta. iPhone ɗin da aka shekara ana sayarwa a babban yankin ƙasar Sin gurbin kati biyu gare su, babu eSIM. A ɗaya gefen kuma, iPhone 14 na 2022 da waɗanda suka biyo baya, in na kasuwar Amurka ne, ba su da gurbin kati ko ɗaya. Mai irin wannan waya ba shi da zaɓi: kamfanin da ba ya bayar da eSIM ba zai yi masa aiki ba ko kaɗan.

Sai batun kulle. Wayar da wani kamfani ya sayar a kan biya sannu a hankali takan zo a kulle da layinsa, kuma kullen yana hana eSIM na wani kamfani shiga, kamar yadda yake hana kati. A iPhone ki shiga Settings, General, About, ki gangara zuwa Carrier Lock. In an rubuta No SIM restrictions, a buɗe take. A Android hanya mafi sauƙi ita ce ki zura katin wani kamfani ki ga ko zai kama sabis. Kamfanin da ya kulle waya shi kaɗai ke buɗe ta bisa ƙa'ida.

Yawancin ƙananan kamfanoni suna da wuri a shafinsu da ake saka IMEI a duba. In wayarki tana da IMEI biyu kuma na farko bai wuce ba, ki gwada na biyu, don sau da yawa shi ne na eSIM. In duka sun ƙi, mai yiwuwa samfurin ne ba ya jerinsu: lambobi 8 na farkon IMEI su ke nuna irin waya, kuma su tsarin yake dubawa.

TAMBAYA: Na biya, sun turo mini hoton QR, na ɗauka da kyamara, waya ta ce ba za a iya ƙara layin ba. Na sake har na gaji. Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Alhaji, da farko ka daina maimaitawa. Hoton QR ba shi ne layin ba. Rubutu ne kawai da ke farawa da LPA:1, sai alamar dala, sai adireshin sabar kamfanin, sai wata alamar dala, sai lambar kunnawa taka. Wayarka tana karanta shi ne ta je sabar ta karɓo layin, kuma a wajen yawancin kamfanoni sau ɗaya ake karɓa. In intanet ya yanke ana tsakiyar saukewa, saba tana iya ɗauka an riga an karɓa alhali bai zauna a wayar ba, daga nan ko sau ɗari ka ɗauki hoton amsa ɗaya za ka samu.

Ga yadda za ka bi. Ka duba jerin layukan da ke cikin saiti tukuna, don wani lokaci layin ya sauka amma yana kashe, kunna shi kawai ake buƙata. In ba ya nan, ka haɗa wayar da Wi-Fi mai ƙarfi, ka kashe VPN in kana da shi, ka tabbatar agogo da kwanan watan wayar suna saita kansu da kansu, don in sun karkace wayar ba za ta yarda da shaidar tsaron sabar ba. Ka sabunta manhajar wayar, ka kashe ta ka kunna. Sannan ka shiga ta cikin saiti, wurin Add eSIM, maimakon kyamarar ɗaukar hoto. In hoton ya zo cikin wayar da za a saka layin, ka buɗe shi a fuskar wata na'ura, ko ka zaɓi shigar da bayanai da hannu: adireshin saba a gurbi na farko, lambar kunnawa a na biyu, harafi da harafi, babba a matsayin babba. Wasu kamfanoni suna turo wata lambar tabbatarwa daban, ka duba saƙonsu da kyau. In duk wannan bai yi ba, ka nemi su soke wancan su fitar maka da sabo, ka ba su EID ɗinka da IMEI.

Akwai matsalar da ke biyo baya, kuma ta fi damun masu layin ƙananan kamfanoni: layi ya sauka, sabis ya cika, amma intanet ba ya tafiya. Dalili shi ne wayar ta ɗauka layin babban kamfani ne, ta saka saitin APN nasa, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet, alhali ƙaramin yana da nasa daban. Ka nemo APN ɗin a shafinsu ka rubuta da kanka a sashen data. Ka kuma tabbatar ka zaɓi sabon layin a matsayin na data, don waya mai layi biyu takan ci gaba da jan data daga tsohon. In data tana tafiya amma kira ba ya shiga, ka duba ko VoLTE, wato kira ta kan 4G, a kunne yake. Inda aka rufe 3G, galibi ta nan kira ke bi, kuma ba kowace waya kamfani ya yarje wa ba.

TAMBAYA: Zan canza waya. Ta yaya zan ɗauke eSIM ɗina in mayar kan sabuwa? In goge shi daga tsohuwar tukuna? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: Hajiya, kada ki goge. Gogewa tana cire layin daga wayar ne kawai. Ba ta soke rajistarki, ba ta kuma mayar da shi inda za ki sake ɗaukowa da tsohon QR, sai a 'yan kamfanoni ƙalilan da suka tsara hakan.

Apple da Google da Samsung duk suna da hanyar tura eSIM daga waya zuwa waya, amma sai kamfanin layi ya girka wata saba ta daban mai ba da izinin hakan, kuma ƙananan kamfanoni da dama ba su girka ba. In kin gwada ba ki ga layinki a jerin waɗanda za a iya turawa ba, wayar lafiyarta lau. Ki shiga manhajar kamfanin ko shafinsu ki nemi sabon eSIM don sabuwar waya. Da zarar sabon ya kama aiki, tsohon zai mutu da kansa, a lokacin ne za ki goge shi.

Tarkon da ke nan shi ne shiga asusun naki. Kamfanoni da yawa suna turo lambar sirri ta saƙon tes zuwa layin da kike ƙoƙarin dawo da shi, kuma masu rahusa galibi ba su da ofishin da za ki shiga da katin shaida, komai ta manhaja ne ko ta hira a shafi. Wanda ya goge layi ko wayarsa ta faɗa ruwa yakan kwana biyu ko fiye ba layi, tare da duk saƙonnin banki da ke bi ta kansa. Tun yanzu da layin ke aiki, ki saka imel a asusun a matsayin hanya ta biyu ta shiga, ki rubuta lambar asusu da kalmar sirri a wani wuri da ba cikin wayar ba. In kuma za ki wanke tsohuwar wayar gaba ɗaya kafin sabon layi ya kama, ki karanta abin da ta tambaye ki, ki zaɓi a bar eSIM a ciki.

Haka nan mai ƙaura da lambarsa daga wani kamfani zuwa wani: kada ya rufe tsohon layi da kansa, don lambar da aka rufe ba ta ƙaura. Sabon kamfani ne ke janyo ta.

TAMBAYA: Agogona na hannu yana da eSIM. Me ya sa layina mai rahusa ba ya shiga cikinsa? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan uwa, raba lamba ɗaya tsakanin waya da agogo hidima ce ta daban, mai buƙatar yarjejeniya da kamfanin agogon da kuma waccan sabar mai ba da izinin tura eSIM da muka ambata a sama. Kamfani yana iya bayar da eSIM na waya ya rasa na agogo. Ka duba jerin kamfanonin da mai agogon ya wallafa. In naka ba ya ciki, babu saitin da zai gyara.

TAMBAYA: Na sayi eSIM mai araha don tafiya ƙasar waje. Intanet yana aiki, amma ba na iya kira, saƙon banki ma ba ya zuwa ta kansa. An cuce ni ne? Daga wata matafiya.

AMSA: Ba a cuce ki ba, Hajiya. Yawancin eSIM na tafiya data kaɗai suke ɗauke da ita, ba su da lambar kira. Ki bar layinki na gida a kunne don karɓar saƙonni, ki kashe masa datar yawo (Data Roaming) don kada a caje ki, ki mayar da data kan na tafiyar, shi kuma ki kunna masa datar yawo, tunda a matsayin baƙo yake hawa turakun ƙasar. Ki kashe zaɓin da ke barin waya ta sauya layin data da kanta. iPhone tana iya ajiye eSIM takwas ko fiye, kuma daga iPhone 13 zuwa sama biyu suna aiki a lokaci guda. A kan XS zuwa 12 eSIM ɗaya ne ke aiki tare da kati ɗaya, saboda haka in layinki na gida ma eSIM ne a irin wannan waya, sai kin riƙa sauyawa tsakaninsu duk lokacin da kike jiran saƙon banki.