Na Kusa Zuwa Gida Hutu, Ina Tsoron Kai Wa Matata Cuta

Tambaya: Likita, ni soja ne, wata goma sha ɗaya ina bakin daga a Borno. Mako biyar da suka wuce na kwana da wata mace ba tare da kwaroron roba ba. Kafin nan kuma na ɗauki abokina da aka harba, jininsa ya jiƙa mini hannu. Ga hutu ya matso, iyalina na jira. Ina tsoron gwajin HIV a bariki kada oga ya ji.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayar nan da ka yi saboda iyalinka ta nuna kai mai amana ne. Batun jinin abokinka, ka kwantar da hankali: ƙwayar HIV ba ta ratsa lafiyayyar fata, sai in da rauni ko tsaga a hannun. Kwanciyar nan ita ce abin dubawa.

Da ka zo cikin sa'o'i 72 da faruwar abin, da an ɗora ka kan maganin kariya da ake kira PEP, wanda ake sha kwana 28. Wannan dama ta wuce, amma ka riƙe sa'o'i 72 ɗin nan a ka, ka gaya wa abokan aikinka. Yana ba ni takaici yadda sojoji da yawa ba su san da shi ba.

Yanzu ka je a gwada ka. Gwajin ɗan yatsa da aka saba yi yakan ɗauki har wata uku kafin ya tabbatar, saboda haka ko an ce babu, ka sake idan kwana 90 sun cika daga ranar kwanciyar. Tsakanin nan, kwaroron roba da matarka dole ne. Na san faɗin wannan a ɗaki yana da nauyi, amma ya fi a gano cutar ranar da ta je awon ciki. A duba maka ciwon sanyi ma, domin gyambo ko fitar ruwa a gaba suna buɗe wa ƙwayar hanya.

Sakamakon gwaji sirri ne tsakaninka da ma'aikacin lafiya. In zuciyarka ba ta kwanta da asibitin bariki ba, shiga kowane asibitin gwamnati da kayan gida. In an samu, maganin kyauta ne, kuma wanda ya riƙe shi har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. In babu, kafin ka koma daji ka tambaya game da PrEP, maganin kariya da ake sha tun kafin a haɗu da cutar, guda ɗaya kullum, ka kuma sayi rezarka ta kanka.